Tsuntsayen Malam a Cikin Dusar Ƙanƙara

Mijina malamin jami'a ne a gida, a sashen nazarin halittu. Da aka ba shi hutun karatu ya zo Malesiya yin digiri na uku, sai na biyo shi ni da yaranmu biyu, muka kama gida a hawa na goma sha huɗu a unguwar Bukit Jalil. Malam nake ce masa tun kafin aure, don ya taɓa koyar da yayana.

Aikinsa a kan tsuntsayen bakin teku ne, wasu manya masu dogon baki lanƙwasasshe, waɗanda mutanen Malesiya ke kira kendi. Suna zuwa gaɓar Selangor idan sanyi ya kore su daga arewa, su yi watanni suna tonon laka, sannan cikin watan Maris su tashi su koma inda suke yin ƙwai. Abin da Malam yake so ya gano shi ne hanyar da suke bi da wuraren da suke yada zango. Ana kama tsuntsu da raga, a ɗaura masa wata 'yar na'ura a gadon baya, ba ta kai kwalin ashana ba, a sa masa alamar roba mai harafi da lamba a ƙafa, a sake shi. Na'urar kuwa hasken rana take ci. Kullum takan aiko da inda tsuntsun yake, Malam ya gani a taswira kamar ɗigon biro.

Shekarar farko takardun izini suka cinye ta. Ta biyu raga ba ta kama komai ba sai ƙananan da ba ya nema. A ta uku na'urorin suka iso a makare, tsuntsaye sun riga sun tafi. Sai a shekara ta huɗu, cikin Janairu, ya dawo gida da laka har ƙugu yana dariya, ya ce mini, "Biyar! Maman yara, biyar muka samu."

A lokacin an riga an ƙara masa hutu sau ɗaya daga gida, an kuma gaya masa babu ƙari bayan wannan sai da hujja. Bizarmu mu duka za ta ƙare a ƙarshen Afrilu. Makaranta ba za ta nema masa sabuntawa ba sai farfesan da ke duba aikinsa ya rubuta cewa aiki yana tafiya, shi kuwa farfesan ya faɗa masa a fili cewa ba zai sa hannu ba sai ya ga tafiyar tsuntsayen. Don haka zamanmu gaba ɗaya, da makarantar yara, da shekara huɗun Malam, duk suna rataye a bayan tsuntsu biyar.

Azumi ya kama a watan Maris a shekarar. Tsuntsayen suka tashi da wuri, tun makon farko, kusan mako biyu kafin lokacin da Malam ya zata. Murna muka yi. Bayan shan ruwa mukan taru a kan kwamfutarsa da ragowar kuih, irin kayan zaƙinsu na Malesiya, a faranti, yara suna rigima a kan wane ɗigo ne a gaba. Suka haye teku, suka bi gaɓar ƙasar Sin suna ta hawa sama, har suka sauka a wani lungun teku can arewa maso gabas.

Kwana biyu da saukarsu sanyi ya juyo musu. Malam ya nuna mini a wayarsa: iska daga arewa, dusar ƙanƙara, babu rana. Ɗigo na farko ya daina motsi ran Talata. Ran Laraba biyu suka yi shiru. Kafin Juma'a taswirar ta tsaya cak.

Na tambaye shi, "Mutuwa suka yi?"

Ya ce, "Ko sun mutu, ko batir ne ya mutu saboda babu rana. Daga nan ba zan iya bambancewa ba."

"To idan rana ta fito fa?"

"Idan suna raye za su yi magana. Amma laka ta daskare, ba su da abin ci. Sun yi tafiyar kwanaki ba su sauka ba, babu sauran kitse a jikinsu."

Mako guda ya yi yana buɗe taswirar sau ba adadi, ko a sallaya da wayar a gefensa. Daga nan ya daina buɗewa gaba ɗaya, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Ya daina zuwa makaranta. Ya daina bin sauran 'yan Najeriya tarawi. Idan an sha ruwa ya ci dabino ɗaya ya ture faranti. 'Yarmu ta ce masa, "Abba, makan lah," wato ya ci abinci, ya dube ta kamar bai gane yaren ba.

Wata la'asar na dawo daga kasuwar Chow Kit da cefane, ana tafka ruwan nan na Kuala Lumpur mai zuwa da tsawa. Na tarar da ƙofar baranda a buɗe, ruwa ya shigo har tsakiyar falo, Malam yana zaune a waje a kujerar roba, rigarsa ta manne da jikinsa. Na ajiye ledojin a ƙasa. Hawa na goma sha huɗu ne, ƙarfen barandar kuma bai wuce ƙugu ba. Ban san lokacin da na isa na riƙe hannunsa ba.

"Malam, ruwa fa ake yi."

"Na sani."

"Taso mu shiga."

Bai motsa ba. Ya ce, "Ni na ɗora musu kaya. Da ban ɗaura musu komai ba wataƙila da sun jure. Na kashe su, na kuma kashe muku shekara huɗu. Me zan je in ce wa shugaban sashe? Me zan ce wa Baba?"

Na ja shi ciki da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na kulle ƙofar barandar, na zare mukullin na sa a ƙasan buhun shinkafa. Da na je ɗauko masa tawul na ga kwamfutarsa a buɗe. Ya rubuta wasiƙar janyewa daga karatu, saura ya aika.

Na durƙusa a gabansa. Tun da muka yi aure ban taɓa roƙonsa wani abu haka ba. Na ce, "Don girman Allah kada ka aika. Ka ba ni kwana goma."

"Ki yi me da su?"

"Ban sani ba tukuna. Ka dai ba ni."

Ya ɗaga kafaɗa, ya shige ɗaki.

Na taɓa jin yana cewa amfanin alamar ƙafa shi ne masu kallon tsuntsaye su gani su ba da labari. Na san akwai shafukan da irin waɗannan mutane suke rubuta abin da suka gani kullum, don na sha ganinsa yana dubawa. Washegari da na kai yara makaranta na zauna a teburin kicin na nemo shafukan a kwamfutarsa. Ni karatuna a kan tattalin gida ne, ban san sunan tsuntsu ko goma ba. Yawancin rubutun da Sinanci ne. Sai in ɗora wayata a kan allon ta fassara mini, fassarar ta fito a karkace, in yi ta juya ta har in gane.

A nan na san cewa akwai mutanen da ke fita cikin wannan sanyi da gangan, su tsaya a bakin teku su ƙirga tsuntsaye. Wani ya rubuta cewa tsattsewa ta farko ta iso garinsu, ya gan ta a laɓe ƙarƙashin gada, gashinta a tashe. Wata ta ce ƙananan tsuntsaye sun taru a bakin magudanar ruwan ɗumi na wata masana'anta, don nan kaɗai ne bai daskare ba. Wani ya sa hoton gawarwaki uku a jere a kan ƙanƙara, ya rubuta cewa sun zo da wuri. Na ƙara girman hoton ina duba ƙafafunsu. Babu alama. Na yi hamdala, sannan na ji kunyar hamdalar.

Duk wanda ya ambaci kendi a yankin, in dai ya bar adireshi, na rubuta masa. Na haɗa wasiƙa ɗaya da Turancina, waya ta juya ta zuwa Sinanci, na liƙa hoton alamar ƙafar. Mutum uku ne suka amsa. Biyu sun ce ba su gani ba. Na ukun ya ce hanyar bakin teku a rufe take, in yi haƙuri sai ƙanƙara ta narke.

Haka na yi kwana biyar. In dafa abin buɗa baki da wayar a jingine da tukunya. Sau biyu miya ta kama. Malam yana ɗaki, fuskarsa a bango. Na rasa wanda zan gaya wa. Matan 'yan uwanmu da muke haɗuwa a tafsiri da an ce musu tsuntsu sai su yi dariya, dama sun saba tsokanata da matar mai kiwon zabi. Mahaifiyata ta kira, na ce mata lafiya lau, zafi ne kawai.

Rana ta shida na ga hoton. Tarin kendi ne a tsaye a wani ɗan wuri da ruwa bai daskare ba, dusar ƙanƙara tana sauka a kansu, kowanne ya cusa baki a baya. A gefen dama akwai ɗaya da wani abu rawaya a ƙafarsa. Daga nesa aka ɗauka, harafin ba ya karantuwa. Wanda ya sa hoton bai bar adireshin wasiƙa ba, lambar waya ce kawai a ƙasan sunansa.

Na shiga da kwamfutar wajen Malam. Ya duba na ɗan lokaci, ya ce, "Ba ni kaɗai ke sa rawaya ba. In ba a ga lamba ba, ba hujja ba ce." Ya mayar da fuskarsa bango.

A ƙasan gininmu akwai kedai, ɗan kantin da muke sayen burodi da ƙwai. Mai shi wata dattijuwa ce 'yar asalin Sin, haifaffiyar Kuala Lumpur, kowa Anti yake ce mata. Shekara huɗu muna gaisawa, maganarmu ba ta wuce farashin kaya da lafiyar yara ba. Na sauka da hijabin salla a jikina, na ajiye mata wayata a kan teburin kanti, na fara bayani da Turanci da guntun Malayancin da na iya. Ban kai rabi ba kuka ya ƙwace mini, a gaban wasu samari biyu da suka zo sayen katin waya.

Anti ta sallami samarin, ta jawo mini kujera. Ta ce, "Tsuntsu? Duk wannan a kan tsuntsu?"

Na ce, "A kan mijina ne, Anti. Ba ya ci, ba ya magana. Na ɓoye mukullin baranda."

Ta dube ni, ta sa tabarau, ta ɗauki wayarta ta buga lambar.

Tsoho ne ya ɗauka. Suka yi ta magana da ƙarfi kamar masu faɗa, ni ina tsaye ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Ta rufe bakin wayar ta ce, "Tsohon direban jirgin ƙasa ne, ya yi ritaya. Ya ce wurin da nisa daga gidansa, sai ya hau bas sannan ya taka a kan gaɓa. Ya ce ƙanƙara ta ƙaru, matarsa ta hana shi fita."

Na ce, "Ki ce masa ina roƙonsa. Ki ce masa muna da yara biyu. Ki ce masa sau ɗaya kawai."

"Ya haura saba'in fa."

"Anti, ki gaya masa."

Ta gaya masa. Na ji muryar mace tana faɗa a bayansa. Sannan ya yi magana gajeriya. Anti ta kashe waya ta ce, "Boleh, ya yarda. Ya ce zai gwada gobe idan ruwan teku ya cika, lokacin suke matsowa kusa da gaɓa."

Washegari ya je bai same su ba. Anti ta nuna mini hoton da ya aiko, fili fari fat, babu ko tsuntsu ɗaya. Kashegari ya same su amma sun yi nisa, iska kuma tana kaɗa na'urar ɗaukar hotonsa. Ni sau ɗaya na roƙa, shi ya ci gaba da komawa da kansa. A rana ta uku babu labari sam. Na sauka kedai sau huɗu, Anti tana girgiza mini kai tun daga nesa. Saura kwana ɗaya a cikin goman da na roƙa. Da la'asar ɗin na ga Malam ya fito falo ya zauna a gaban kwamfuta, na tsaya a ƙofar kicin da wuƙar yanka albasa a hannuna ina kallon yatsunsa, har ya tashi bai taɓa komai ba.

Da hantsin rana ta goma Anti ta hau da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, ta miƙo mini waya. Tsuntsu ɗaya ne ya cika hoton, yana tsaye a kan ƙafa ɗaya, ƙanƙara ta taru a kansa. Harafin da lambar sun fito sarai. Na'urar tana nan a bayansa.

Na shiga ɗaki ban yi sallama ba. Malam ya karɓi wayar, ya kawo ta kusa da idonsa, ya karanta lambar a fili sau biyu. Ya ce, "Ta ukun ce. Macen nan ce da ta cije ni." Sai ya kifa kansa a gwiwa. Na fita na ja ƙofar, don Anti tana falo.

Da rana ya yi wanka ya tafi wajen farfesa da hoton. Ya dawo ba dariya ba fushi. Farfesan ya ce tsuntsu ɗaya ba biyar ba ne, amma zai sa hannu a ba shi wata shida, da sharaɗin ya rage girman aikin. Sai dai lokaci ya ƙure. Takardar Malam za ta iya fitowa kafin ƙarshen Afrilu, tamu ta iyali kuwa sai tasa ta fito ake fara nemanta. Ma'ana ni da yara sai mu tafi gida.

Rana ta fito a can bayan kwanaki. Na'urar macen ta farka, ta zubo duk abin da ta ajiye. Bayan mako guda wata ma ta farka. Sauran ukun ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Ina cikin ɗaure kaya na sauka in yi wa Anti sallama, na ce ta ba ni adireshin tsohon in aika masa da wani abu. Ta yi ta goge teburin kanti da tsumma ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Ranar da ba mu ji shi ba, faɗuwa ya yi. Bayan ya ɗauki hoton, santsi ya kwashe shi a kan gaɓa, ƙashin ƙugunsa ya tsage. Masu kiwon kifi ne suka tsince shi. Daga asibiti ɗansa ya aiko da hoton."

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Shi ya ce kada in faɗa. Ke ma lokacin ba ki da inda za ki sa shi."

"Zai tashi?"

"Sun yi masa aiki. A shekarunsa, sai a hankali."

Na zauna a kan kwalin ruwan roba. Ni ce na ce ta gaya masa muna da yara biyu, bayan ta faɗa mini shekarunsa, bayan na ji matarsa tana faɗa. Na kuma san da za a mayar da ni wannan ranar, haka zan sake roƙonsa. Na ce ta kira shi in ba shi haƙuri. Matar ce ta ɗauka. Ta saurari Anti har ta gama, ta faɗi kalma biyu ko uku, ta kashe. Anti ba ta fassara mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Na je titin kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman bayan an gama hidimar salla, na yi ta kutsawa cikin shagunan yadi ina neman abu mai kauri, a garin da babu mai bukatarsa. Daga ƙarshe na samu bargo mai laushi, na haɗa da yadin batik guda na matar, na bar wa Anti ta aika.

Mun tashi ana saura kwana uku bizarmu ta ƙare. Malam ya raka mu filin jirgi, wandonsa yana zamewa saboda rama, ya ɗauki ƙaramin ya daɗe bai sauke shi ba. Na roƙi wani abokinsa ɗan Zariya ya koma gidan da zama, ya kuwa koma. Wata shidan ta zama shekara guda kafin ya kammala, da bayanan tsuntsu biyu, ya dawo ya same mu a gidan iyayena.

Ban gaya masa labarin faɗuwar ba sai bayan ya dawo. Ya sa aka rubuta wa tsohon doguwar wasiƙa da Sinanci, ya haɗa da taswirar tafiyar macen har inda ta yi ƙwai. Ɗansa ne ya amsa, layi biyu. Ya ce mahaifinsa ya ga taswirar, ya sa an buga masa ita a takarda. Ya ce yana tafiya da sanda a cikin gida, amma bai ƙara zuwa bakin teku ba.